Igiyar da Hadassah Ta Kama

Edith Shekari tela ce a unguwar Makera da ke Kaduna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙofar shagonta tana kallon ƙofar gidana, saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba labari aka ba ni ba. Da fushi nake rubuta shi, gara mai karatu ya sani tun daga nan.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Zonkwa a 1975. Tana da shekara shida mahaifinta ya kawo su Kaduna, ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. A wancan zamani, idan jiniya ta yi kuka ƙarfe biyun rana, kekuna kan cika titi har mota ta rasa hanya. Da Edith ta gama sakandare ita ma masaƙar ta shiga. Aikinta duba yadi. Yadin yana gudu a kan wani allo mai fitila a ƙasa, ita tana tsaye tana kallo, inda zare ya tsinke ko rini ya zame ta tsayar da inji ta ja alli. Shekara takwas tana wannan. Abokan aikinta na da har yanzu suna ba da labarin ranar da mai kula da sashensu ya ce ta bar wani dami ya wuce, mota na jira a waje, aibin kuma ƙarami ne, ba wanda zai gani. Ta ce masa, "Ni na gani." Ta ja allinta.

Da aka rufe masaƙar ta sayi keken ɗinki. Ta auri Friday, makanikin keke napep a Sabon Tasha, suka haifi 'ya'ya uku. Autarsu Hadassah ita ce mai gudu.

Hadassah tana wata sakandare ce a Trikania, ba zan faɗi sunanta ba. Kowace shekara makarantar tana yin gasar wasanni tsakanin gidaje huɗu, abin da ake kira intahaus, kowane gida da launinsa. Edith ce ke ɗinka rigunan duka huɗun. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a gudun mita ɗari na 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar, ita kaɗai ake aikawa gwajin zaɓen 'yan wasan jiha. Mutum ɗaya, ba biyu ba. Hadassah tana gidan rawaya. Babbar abokiyar karawarta wata yarinya ce mai suna Peace, ta gidan kore, sa'arta.

To, ga al'adar da ke ci mini rai. A ƙarshen filin ɗalibai biyu sukan riƙe zaren ulu, ɗaya a nan ɗaya a can, ana ce masa igiya. Yara suna zuwa sai su miƙa hannu su cafke shi, alkalai kuma su duba hannun wa igiya take, su ce shi ya ci. Ban san wanda ya kawo wannan shirme ba. A makarantar mishan da na yi, Fadan da ke koya mana gudu yakan tsaya a bakin layi da ƙaramar sanda, duk wanda ya miƙa hannu ya sha ta a yatsu. Ƙirji ke cin gudu. Ba hannu ba, ba ƙafa ba, ba kai ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ina alkalancin gudu tun ana auna shi da yadi, kuma dokar ba ta canza ba.

A gasar shekara ta 2023 Hadassah ta kai ƙirjinta kan layi kafin kowa. Ina wurin, na gani. Peace tana bayanta da kusan rabin taki, amma ta miƙa dogon hannunta ta cafke igiya. Aka ce Peace ta ci.

Masu hoto biyar ne a filin ran nan. Dukansu suna ƙarƙashin rumfa, sun juya wa yara baya, suna ɗaukar Ciyaman na taro yana karɓar kyauta, yana shan lemo, yana gyara hula. Haka ake yi a ko'ina yanzu. Yara su yi wata biyu suna gudu a rana, hoto kuma na masu zama a inuwa ne. Edith ta ɗauka da wayarta. Ta tafi da ita wurin malamin wasanni, Malam Zakariyya'u, ta nuna masa. Abin da ke cikin wayar wani jirwaye ne na rawaya da kore, ba kai ba ƙafa.

Ya kalla, ya kira wani malami ya zo ya taya shi kallo. Ya ce, "Maman Hadassah, wannan 'yarki ce, ko kunu ne ya zube?"

Suka yi dariya har da tafawa.

Bayan kwana biyu Edith ta tsallako titi da wata baƙar jaka. Kyamara ce a ciki, mai dogon gilashi, ƙaninta Ben ya bar mata lokacin da ya koma Legas, ba ta taɓa kunna ta ba. Ta ajiye a kan teburina.

Ta ce, "Baba Albert, an ce kun iya wannan abin."

Na ce, "Ta zamanin fim na iya. Fadan nan ne ya koya mini, a ɗakin ajiyar kaya muke wanke hoto."

"Haske ya canza ne daga zamaninku zuwa yanzu?"

"Bai canza ba."

"To ku koya mini. Shekara ɗaya ta rage wa yarinyar nan a ajin 'yan ƙasa da sha biyar. Ba wanda zai sake ce mini kunu."

Abin da na fara yi shi ne na murɗa maɓallin sama na kawar da shi daga koriyar alama. A kan koriyar alamar nan kyamara ce ke yi wa mutum tunani, kuma tunaninta na masu tsayawa a jere ne a bikin aure. Na ce mata ta ɗauki kyamara kamar ido mai ƙiftawa. Idan ta daɗe a buɗe, duk abin da ya motsa zai ja jiki ya zama jirwaye, abin da ya sami wayarta ke nan. Yaro mai gudu yana bukatar ƙiftawar da ba ta wuce ɗaya bisa dubu na sakan ba. Na nuna mata inda ake murɗawa har lamba 1000 ta fito. Sai ƙofar da haske ke shiga, wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Idan yaro ɗaya take so, ta buɗe ta sosai, bayansa ya dushe. Amma a bakin layi, inda take son yara shida su fito sarai daga na kusa har na nesa, ta sa ta a takwas. Na uku shi ne abin da aka rubuta ISO, wato yadda kyamarar ke jin haske. Da rana tsaka ɗari biyu ya isa. Idan hadari ya rufe rana ta ɗaga shi zuwa ɗari takwas, kada ta taɓa rage saurin ƙiftawar.

Ta rubuta lambobin ukun da allin ɗinki a jikin ƙofar shagonta: 1000, 8, 200. Har yau suna nan.

Wajen kula da gilashin ne muka fi yin faɗa. Rana ta farko ta ga tabon yatsa a kai, ta huro masa numfashi ta kama gefen zaninta. Na daka mata tsawar da ban yi wa kowa ba tun da na bar aji.

Ta ce, "Haba Baba, zanin wankakke ne."

Na ce, "Ke da kika yi shekara takwas kina duba yadi, ba ki san akwai yashi a cikin kowane zani ba? Ƙwaya ɗaya ta isa ta ja layi a gilashin nan har abada."

Na koya mata a jere. Da farko a hure ƙura da ɗan famfon roba, gilashin yana kallon ƙasa. Sannan a share da burushi mai taushi. Sai a ƙarshe, in tabo ya rage, a goge da ƙyallensa na musamman, daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe, ba dannawa. Murfi ya koma da zarar an gama ɗauka. Ba a cire gilashi daga jikin kyamara a fili inda ƙafafu ke tayar da ƙasa. Da damina kuma, tun da ɗakunan Makera suna jiƙa, ta sa ta a cikin gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, in ba haka ba fumfuna za ta tsiro a cikin gilashin. Edith ta ɗinka wa ƙyallen aljihunsa daban, mai zif.

Duk wannan ban yi tunanin Friday ba. Wata Lahadi bayan coci Edith ta tafi taron zumuntar mata, shi kuma ya ga gilashin ya ɗan dushe. Makanikan Sabon Tasha da man goge baki suke goge fitilar keke idan ta yi hazo, ta fito kamar sabuwa. Ya matso man a tsumma, ya zauna ya yi aikinsa da zuciya ɗaya. Ina cin abinci na ji muryar Edith daga tsallaken titi.

"Fitilar keke! Kyamarar ce fitilar keke, Friday?"

"Taimako fa na yi, Maman Hadassah."

"Taimako? Gobe in idona ya yi ja, ka zo da man birki!"

Suka shigo wurina, ita a gaba, shi a baya yana riƙe da tsumman har yanzu. Gilashin ya yi fari fat da ƙananan zane. Na kama bakinsa na murɗa a hankali, sai ya kwance ya fito a hannuna. Ashe Ben ya ɗaura masa siririn gilashin kariya a gaba, wanda ake ce wa filta. Filtar nan ce kawai Friday ya kashe. Ainihin gilashin yana bayansa lafiya lau. Edith ta zauna a ƙasa. Friday ya kwashe kwana biyu yana tsallaka gadar kogin Kaduna zuwa cikin gari kafin ya samo wani mai faɗi daidai, tun daga ranar kuma ko jakar ba ya taɓawa.

Kowace Asabar da safe muna zuwa filin da 'yan matan ke atisaye. Na nuna mata ta tsaya daidai da layi, ba gaba ba, ba baya ba, rana a bayanta, ta durƙusa kyamara ta zo daidai ƙirjin yaran. Ta saita gani a kan layin tsakiya tun kafin su taso, ta sa kyamara a kan ɗauka a jere, ta fara dannawa saura taki uku su iso. Wata biyu na farko tana yanke kawuna, tana ɗaukar fili babu kowa. Daga nan idon mai duba yadi ya dawo. Ta daina bin yaran da kallo, ta koma jiran su a wuri ɗaya, kamar yadda take jiran aibi ya zo kan fitila.

'Yan matan sukan taru su leƙa hotunansu a bayan kyamara. Ni kuma bakina ba ya shiru, ina ta cewa ƙirji, ƙirji, ku jefa hannu baya ku kai ƙirji. Wata rana Peace ta tsaya bayan sauran sun watse, ta ce, "Baba, ku nuna mini yadda ake yi." Na nuna mata. Na kira Hadassah ita ma ta zo ta gani.

Hadassah ta ce, "Baba, bara ƙirji na kai. Me aka ba ni?"

Na ce doka ce.

Ta ce, "Malam Zakariyya'u ya ce in na ga igiya in miƙa hannu. Shi ne zai zauna a tebur, ba ku ba."

Har yau wannan maganar tana damuna.

Ranar gasar 2024 ta zo. Masu hoton nan biyar suna rumfarsu. Edith ta durƙusa a bakin layi tun ana gudun yara ƙanana. Ana shirin kiran 'yan mita ɗari sai mai magana a lasifika ya hango ta, ya ce, "Madam mai hoto, a matso babban tebur, Ciyaman zai yanka kek." Ba ta motsa ba. Ya sake faɗa. Aka aiko wata malama ta taɓa kafaɗarta.

Edith ta ce, "Yana da biyar. Yaran nan ba su da ko ɗaya."

Aka busa usur. Tun daga rabin fili an san tsakanin rawaya da kore ne. Na ji kyamarar tana ta ƙaf-ƙaf-ƙaf a gefena. Hadassah ta miƙa hannun dama ta cafke igiya. Alkalai ba su ko yi shawara ba, suka ɗaga hannunta. Gidan rawaya ya fashe da ihu, Friday ya shiga fili da rigar aikinsa ya ɗauki 'yarsa sama. Ni ma na yi tafi, don idona na shekara saba'in da takwas abin da ya gani ke nan.

Da na waiwaya, Edith tana nan a durƙushe. Ta cire ɗankwalinta ta yi wa bayan kyamarar inuwa tana kallo. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Baba, ku zo."

Hoto bakwai ta ɗauka a jere. Na huɗun ne. Komai ya tsaya cak, har ƙasar da ta tashi a bayan dugadugansu ana iya ƙirga ta. Yatsun Hadassah suna kan zaren, amma miƙa hannun ya karkatar da ita, kafaɗar hagu ta koma baya, ƙirjinta bai kai farin layin ba da kamar faɗin tafin hannu. Peace ta jefa hannayenta baya, ƙirjinta yana kan layi.

Zan faɗi abin da na ce, ko da yake ba na alfahari da shi. Na ce, "Daga ni sai ke muka gani."

Friday ya iso yana haki, ya leƙa, ya fahimta. Ya ce, "Edith, don Allah. Bara su suka ci mu. An yi daidai ke nan, a tashi."

Ta ce, "Bara ba ni da hoto."

"'Yarki ce fa. Ba ta da wata shekarar."

"Na sani. Amma na gani."

Ta tashi ta nufi teburin alkalai, kanta ba ɗankwali, gwiwoyinta jajur da ƙasa. Ta ajiye kyamarar a gaban Malam Zakariyya'u a kan takardar da yake rubuta suna.

Ta ce, "Malam, ga kunun da ya zube bara. Na kwaso maka."

Ya kalla ya ce, "Maman Hadassah, ai 'yarki ce ta ci. Me kuma kike so?"

"Wa ya ci a nan? Ka duba da kyau, bana akwai kai akwai ƙafa."

"Igiya tana hannun wa?"

"Kamun kifi suka zo yi? Ka buɗe littafin dokar da ke ƙarƙashin gwiwar hannunka ka karanta mini inda aka ce hannu." Muryarta ta kai har rumfa, Ciyaman ya tsaya da kek a baki. "Bara yarinyar nan ta yi daidai, ka hana ta, ka yi mini dariya. Ta zo wurinka ka koya mata ba daidai ba. Shekara biyu ka cinye mata, kai kaɗai, kana zaune a inuwa. In ka aika ta gwajin jiha ta miƙa musu hannu, su ma dariyar za su yi mata?"

Shugabar makarantar ta sauko. Ta karɓi littafin, ta nemi wurin, ni na gaya mata shafin. Ta karanta a tsaye, ta kalli hoton, ta sa aka goge suna aka rubuta na Peace. Peace ta fashe da kuka, ba ta san inda za ta kalla ba. Hadassah ta zo har gaban uwarta, zaren yana naɗe a hannunta. Ta warware shi a hankali, ta sake shi a ƙasa tsakaninsu, ta fita daga filin ita kaɗai.

Peace ce ta tafi gwajin jiha. Hadassah ta cika sha biyar a watan Yuni, ajin ya wuce ta. Malam Zakariyya'u yana nan a matsayinsa. Bana an daina riƙe igiya a makarantar, kuma na ji da kunnena yana gaya wa iyaye cewa shi ya kawo gyaran. A kalandar makaranta ta wannan shekara akwai hoton Ciyaman da kek har guda uku. Na yara masu gudu babu ko ɗaya, ko da yake Edith ta ba su fiye da arba'in kyauta. Tana nan tana zuwa filin kowace Asabar, yanzu har 'yan ƙwallon Trikania suna aiko mata ta zo.

Kwana goma sha tara Hadassah ba ta yi wa uwarta magana ba, in ban da gaisuwa. A rana ta ashirin ina zaune a bencin shagon ta dawo daga makaranta. Ta ajiye jaka, ta buɗe gwangwanin, ta fito da kyamarar, ta nemo hoto na huɗu. Ta ƙara masa girma har ƙirjinta da farin layin suka cika fuskar kyamarar. Edith ba ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

Hadassah ta ce, "Kafaɗata ce ta ja ni baya."

Keken ya tsaya.

Ta ce, "Da na bar hannun nan, da na riga ta. Ko ba haka ba, Mama?"

Edith ta miƙa hannu ta karɓi kyamarar, ta kalli hoton kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta auna da ɗan yatsa.

Ta ce, "Da kin riga ta." Ta mayar mata. "Riƙe ta nan ƙasa. Kar yatsanki ya taɓa gilashin."